Babi na Shida: Zafin da Muke Saye da Kuɗinmu

Shinkafar rani a Kebbi da man fetur ake noma ta. Ruwa yana nan kwance a ƙarƙashin fadamar gulbin Rima, ba shi da nisa, amma ba ya hawowa da kansa. Tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa a shekarun 1990, jigo ya ja da baya, ƙarar inji ta maye gurbinsa daga Argungu har Birnin Kebbi. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, sai injinan suka ƙara yawa, kowace gona da nata yana tafasa a rana. A lokacin ba kowa ke tsayawa lissafin mai ba, don litar fetur ba ta fi ƙarfin aljihu ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan manomi ya fara kallon jarkarsa da wani irin ido.

Ga abin da ke faruwa da man cikin jarkar. Ƙaramin injin fetur irin wanda ke jan famfon ban ruwa, in yana da lafiya, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin man yake mayarwa aiki. Wato a jarka mai lita 25, lita biyar ko shida ne ke juya farfelar famfo. Sauran duk zafi ne: wani ya fice ta salansa, wani ya bi jikin silinda iska ta kwashe. Injin dizal ya fi shi kirki, yakan kai kashi 35 zuwa 40, amma shi ma abin da yake zubarwa ya fi abin da yake riƙewa. Injiniyoyi na da wani ƙiyasi na baka da suke koya wa ɗalibai: kashi ɗaya bisa uku aiki, ɗaya bisa uku hayaƙi, ɗaya bisa uku ruwan sanyaya inji. Wanda yake son ganin wannan kason na ƙarshe da idonsa, ya tsaya a gaban injin casar shinkafa mai silinda ɗaya, irin mai buɗaɗɗen tankin ruwa a ka. Tururin da ke tashi daga tankin nan man dizal ne, an saye shi da kuɗi an dafa ruwan da ba wanda zai sha.

To me ya sa ba za a hana zafin fita ba? Tambayar ta girmi kakanninmu. Rudolf Diesel kansa, a littafin da ya buga a 1893, ya ɗauka injinsa ba zai buƙaci ruwan sanyi ba sam. Ƙarfe ya nuna masa ba haka ba ne. Injin da ya yi nasara da shi a garin Augsburg na Jamus a 1897 yana da rigar ruwa kewaye da silinda, kuma kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man ya iya mayarwa aiki. Dalilin a fili yake. A daidai lokacin da mai ya kama wuta a cikin silinda, zafin iskar yakan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyam ɗin da ake yin fistin da shi yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin nan ya riga ya yi laushi. Baƙin man da ke tsakanin ringi da bangon silinda kuwa, yana wuce digiri 250 ya fara ƙonewa yana zama ƙullutu. Dole a riƙa janye zafin daga ƙarfen, in ba haka ba inji ya buga. Lagireto ba ado ba ne.

Dabarar da wannan babi yake magana a kai tana shiga tsakanin wutar da ƙarfen. A shafa wa saman fistin, da kan silinda, da fuskar bawul wani siririn abu da zafi ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma wuta ba ta narkar da shi. Zan kira shi shafen tare zafi. Abin da aka fi yin sa da shi dangin tangaran ne, sunansa zirkoniya, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2,700. In aka fesa shi a jikin ƙarfe, zafi yana ratsa shi a hankali fiye da yadda yake ratsa alminiyam sau ɗari ko fiye. Sai dai yana da wani mugun hali: a wajen digiri 1,170 tsarin ƙwayoyinsa yakan sauya, girmansa ya canja da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ya tsattsage. Maganin wannan shi ne a gauraya shi da wani sinadari mai suna itiriya. A shekarun 1970, a cibiyar binciken hukumar NASA da ke Cleveland a Amurka, Stephan Stecura da abokan aikinsa suka yi ta gwada ma'auni har suka gano cewa kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na itiriya ne ke ba da shafen da ya fi daɗewa. Har yau wannan haɗin ne ake amfani da shi a duniya.

Yadda ake shafa shi ba aikin buroshi ba ne. Ana fara goge ƙarfen da feshin tsakuwa mai kaifi har ya yi kaushi. Sai a fesa shafen farko na haɗin nikel da kuromiyam da alminiyam, wanda zai riƙe na sama ya kuma hana ƙarfen tsatsa. Sannan a zuba garin zirkoniya cikin harshen wata wutar lantarki da ake kira filasma, mai zafin da ya wuce digiri 10,000. Ƙwayoyin garin su narke a iska, su daki ƙarfen da gudu, su baje, su daskare, wata kan wata. A tsakaninsu ana samun ƙananan ramuka da tsaga da ido ba ya gani, kuma ba aibi ba ne: iskar da ke maƙale cikin ramukan ita ce rabin aikin tare zafin, tsagar kuma ita ke ba shafen damar miƙewa da takurewa tare da ƙarfen.

Abin sha'awa, duwatsun da ake ciro waɗannan sinadarai biyu duka akwai su a Nijeriya. A tulin yashin da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos akwai zirkon, akwai kuma zenotaim mai ɗauke da itiriyam. Amma tacewa da mayar da su garin feshi a wasu ƙasashe ake yi; Ostireliya da Afirka ta Kudu ke kan gaba a zirkon, Sin kuma ta riƙe kasuwar itiriyam.

A injin jirgin sama shafen ya yi nasarar da ba mai jayayya a kanta. Iskar da ke dukan fukafukan farfelar cikin injin ta fi zafin da ƙarfen nikel ɗinsu ke narkewa a kai. Abin da ke tsare su shi ne iska mai sanyi da ake turawa ta cikin ƙananan hanyoyi a jikinsu, da shafen zirkoniya da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, wanda ke rage zafin da ke isa ga ƙarfen da digiri ɗari ko fiye. Duk jirgin da ya kwashi alhazai daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Birnin Kebbi, da wannan shafen yake tashi. Haka injinan iskar gas da ke ba da lantarki a tashoshi irin su Geregu a Jihar Kogi. Saboda haka fasahar tana zuwa Kebbi, sai dai a sama take wucewa.

A injin fistin ne labarin ya rikice, kuma a nan ya kamata mu daɗe.

Bayan tashin farashin mai na 1973, kowane kamfanin inji ya shiga neman hanyar tsimi. Rundunar sojan Amurka tana da wani dalilin na daban: lagireto da tiyoyinsa su ne lagon tankar yaƙi da motar soja, harsashi ɗaya ya isa ya tsayar da su, kuma suna cin wuri da nauyi. Sai Roy Kamo na kamfanin Cummins da Walter Bryzik na sashen motocin rundunar suka haɗa kai a ƙarshen shekarun 1970 don ƙera injin dizal da ba ya zubar da zafi. A farkon shekarun 1980 har sun sa irin wannan injin a wata babbar motar soja sun tuƙa ta a titi babu lagireto, babu fanka, babu ɗigon ruwa. A Japan, kamfanin Isuzu ya zuba kuɗi da shekaru yana ƙera sassan inji da tangaran zalla. Jaridun lokacin suka cika da albishir cewa injin ƙarfe ya kusa zama tarihi.

Bai zama ba. Matsala ta farko ita ce zafin da aka hana shiga bango ba ya komawa aiki don kawai an tare shi. Fistin yana da iyakar tafiyarsa. In ya kai ƙasa bawul ya buɗe, duk zafin da ya rage a iskar sai ya bi salansa. Galibin abin da aka ƙwato daga lagireto hayaƙi ya tafi da shi. Kamo ya san da haka, shi ya sa tsarinsa ya haɗa da wata farfela a bakin salansa da za ta tatsi ƙarfin hayaƙin ta mayar wa inji, amma wannan ƙarin kaya ne da ƙarin kuɗi. Matsala ta biyu ta fi ta farko ciwo. Bango mai kaurin shafe yakan yi zafi ya zauna da zafinsa, daga bugu zuwa bugu. In sabuwar iska ta shigo sai bangon ya gasa ta, ta kumbura, abin da silinda ke iya haɗiya ya ragu. Ƙarancin iska kuwa ƙarancin ƙarfi ne da ƙarin baƙin hayaƙi. Ga baƙin mai yana ƙonewa a bangon da ya wuce ƙarfinsa. Ga shafen kansa yana ɓamɓarewa, musamman a fistin alminiyam, domin alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na yadda zirkoniya ke yi; kullum ɗaya na jan ɗaya har su rabu.

A 1987 Farfesa Gerhard Woschni na jami'ar fasaha ta Munich, wanda lissafinsa na tafiyar zafi a cikin silinda ake koyarwa har gobe, ya fitar da sakamakon da ya sanyaya gwiwar mutane da yawa. Ya tare zafin kan fistin sosai, ya auna, sai ya ga injin ya ƙara shan mai. Bayaninsa shi ne in bango ya yi zafi ƙwarai, harshen wuta yakan matso ya manne masa maimakon ya mutu nesa kaɗan da shi, sai zafin da ke shiga bangon ya ƙaru a daidai lokacin da ake son ya ragu. Wasu masana sun ƙi yarda da bayanin, an yi shekaru ana muhawara, amma ba a samu wanda ya kawo injin kasuwa da ya ƙaryata ma'auninsa ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 kuɗin binciken ya ƙafe.

Duk wanda ya yi bazara a Birnin Kebbi ya san kuskuren da aka yi, ko da bai taɓa buɗe inji ba. Ɗakin siminti mai kaurin bango yana tare rana da hantsi, amma yana shanye zafin yana ajiyewa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare bangon yana nan yana huci, mutanen gida suna tsakar gida a kan tabarma. Rumfar zana kuwa ita ma tana tare rana, sai dai ba ta da jikin da za ta ajiye zafi a ciki: rana na faɗuwa ta huce. Injiniyoyin 1980 ɗakin siminti suka gina a cikin silinda. Abin da ake buƙata rumfar zana ce, wadda za ta yi zafi tare da wutar ta kuma huce kafin sabuwar iska ta shigo. Bambancin kawai shi ne dare da ranar inji gajeru ne: injin da ke juyi 3,000 a minti yana kunna wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya a kowace silinda.

Kamfanin Toyota ne ya fara kai wannan tunanin kasuwa. A 2015 ya fito da injin dizal mai lita 2.8 da ake kira 1GD-FTV, dangin wanda ke cikin Hilux da Prado na zamani, kuma a motocin da aka fara sayarwa a Japan saman fistin ɗin yana da wani sabon shafe. Ba zirkoniya ba ne. Fuskar alminiyam ɗin kanta ake tsoma wa cikin ruwan asid a sa mata lantarki, ta zama wata fata mai cike da ramuka, kaurinta wajen kashi ɗaya bisa goma na milimita, sannan a toshe bakin ramukan da silika don kada iskar wuta ta shige. Fatar ba ta da nauyin da za ta riƙe zafi. Kamfanin ya ce zafin da ke zurarewa ta fistin lokacin ƙonewar mai ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, injin gaba ɗaya kuma ya kai kashi 44 a mafi kyawun aikinsa. Amma a lura: 44 ɗin nan na dukkan gyare-gyaren injin ne, har da turbo da hanyar shigar iska da feshin mai. Rabon shafen shi kaɗai a tsimin mai, bisa rahoton injiniyoyinsu, wajen kashi 2 ne cikin 100. Wannan shi ne girbin kusan shekara arba'in na bincike, kuma ni ban ɗauke shi abin raini ba. A duniyar inji kashi 2 kamfanoni na kashe biliyoyi a kansa. Sai dai ya yi nisa da albishirin jaridun 1980.

A ɓangaren hayaƙi ma riba da asara a haɗe suke. Kusa da bango mai sanyi wuta takan mutu ta bar man da bai ƙone ba, shi ne warin fetur da ake ji a bayan tsohon inji, tare da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma ita ke kashe iyali sukutum in an kwana da janareta a cikin gida. Bango mai ɗumi yana rage waɗannan biyun. Amma iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma in zafi ya wuce wajen digiri 1,500 takan fara haɗuwa da oksijin, kamar yadda masanin Rasha Yakov Zeldovich ya bayyana a 1946. Abin da ke fitowa daga haɗuwar yana ƙona hanyoyin numfashi yana tayar da asma, kuma ƙarin zafi kaɗan yana ninka shi. Shafe mai kauri yakan rage waɗancan biyun ya ƙara wannan. Kada kuma wani ya ji an ce shafe na rage kabon monoksaid ya ɗauka janareta zai zama abokin kwana. Ragin bai kai ko kusa da haka ba.

Yanzu mu koma fadama mu tambaya ko wannan magani na manomin Argungu ne. A ganina ba nasa ba ne, kuma dalilin farko yana cikin irin injinsa. Injin ban ruwa na fetur ne, irin Honda GX160 da 'yan uwansa na Sin, iska ke sanyaya shi. A injin fetur mai da iska a gauraye suke shiga, su jira fulogi. In bango ya yi zafi fiye da kima, sauran gaurayen yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan fashewar tana iya huda fistin. A watan Afrilu, lokacin da shinkafa ta fi buƙatar ruwa, zafin inuwa a Kebbi yana wuce digiri 40. Iska mai digiri 45 ta fi mai digiri 25 sakayau da wajen kashi 6 cikin 100, wato injin ya riga ya rasa wani abu na numfashinsa tun kafin a taɓa shi. Irin wannan inji neman hanyar fitar da zafi yake yi. Dalili na biyu lissafi ne. A ɗauka manomi yana ƙona lita biyar a yini. Kashi 2 cikin 100 na wannan bai cika kofin shayi ba, kuma kuɗin fesa wa fistin ɗaya filasma zai iya sayen sabon inji. Manoman da suka mayar da injinansu na gas ɗin girki bayan 2023, da waɗanda suka koma famfon hasken rana, sun yi lissafin da ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai ma wani abin dariya mai ban haushi: injinanmu sun riga sun sami shafen tare zafi, ba wanda ya biya kuɗinsa. Baƙar kunkunniyar da bakanike ke kankarewa daga kan fistin tana tare zafi, kuma ita ke sa tsohon injin fetur ƙwanƙwasa. A injin mai lagireto kuma, ruwan rijiya da ake ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji na gaskiya yana barin farin ɓawo a cikin hanyoyin ruwa, shafe a gefen da bai kamata ba, ƙarfe yana gasuwa ruwa bai sani ba. In mota ta fara zafi, maganin da aka saba ji a gareji shi ne, "Alhaji, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wannan na ƙasar Turawa ne mai sanyi." Tamostat kuwa aikinsa ya riƙe ruwan a wajen digiri 85 zuwa 90. In an cire shi, da safiyar hunturu injin yakan yi tafiya mai nisa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da ƙa'ida, fetur yana wanke baƙin mai daga bangon silinda. Abin da Toyota ta samu da shekaru na bincike, ana iya zubar da fiye da shi da sifana ɗaya. Haka indomin salansa, wanda shi ma tangaran ne mai shafen filatinam da danginsa: ba ya fara tace hayaƙi sai ya kai digiri 250 zuwa 300, amma sau da yawa ana fasa shi a sayar tun motar ba ta bar tashar jirgin ruwa da nisa ba.

Inda nake ganin shafen zai iya samun gida a Kebbi shi ne masana'antar shinkafa. Kamfanin WACOT da Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe a Argungu a watan Agustan 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, an gina shi ne don sarrafa tan 120,000 na shanshera a shekara. Ga Labana a Birnin Kebbi, ga matsakaita da ƙanana da yawa da ke dogaro da janaretan dizal in wuta ta ɗauke. Babban janareta yana aiki ne a gudu ɗaya na sa'o'i masu yawa, yana da turbo, kuma dizal ba ya tsoron bango mai zafi yadda fetur ke yi, tunda iska zalla ake matsewa sai daga baya a fesa mai. In janareta yana shan lita 1,000 a yini, kashi 2 lita 20 ke nan kullum, kuma a farashin da ya haura naira 1,000 wannan kuɗi ne da akawu zai lura da shi.

Amma ba ma nan ribar take ba. Abin da ya karya gwiwar Kamo, wato zafi ya gudu daga lagireto ya koma salansa, a gidan shinkafa alheri ne. Ruwan lagireto digiri 90 ne, amfaninsa kaɗan. Hayaƙin babban janareta kuwa yana fita da digiri 400 zuwa 500, zafin da zai tafasa tukunyar tururi. Gidan shinkafa kuma mayen zafi ne: ana jiƙa shanshera a ruwa mai digiri 60 zuwa 70, a turara ta, sannan a busar da ita da iska mai ɗumi a hankali don kada ƙwayar ta karye. Inda aka haɗa inji da na'urar kama zafin hayaƙi, ana cin moriyar sama da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin man. Kuma sassan da suka fi sauƙin shafewa su ne na wannan hanyar: bututun da hayaƙi ke bi daga kan silinda zuwa turbo, inda babu ringi mai gogewa babu baƙin mai. Manyan masana'antu suna ƙona ɓuntu don samun tururi, wannan gaskiya ne, amma matsakaitan da ke sayen itace suna turara shinkafa alhali salansar janaretansu tana hura wuta a sararin sama, su ne ke biyan kuɗin zafi sau biyu.

Ɓuntun ma yana da abin cewa. Kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, tokarsa kuma wajen kashi 90 cikin 100 silika ce. Silikar Toyota daga wani sinadarin masana'anta take, ba daga toka ba, kada a haɗa su. Sai dai masu bincike a ƙasashe da dama sun haɗa tokar ɓuntu da alumina sun gasa wani tangaran mai suna mulait, wanda yake cikin abubuwan da aka gwada a matsayin shafen injin dizal saboda yana jure zafi da sanyi na bazata. Wannan aiki ne da ya dace da sashen injiniyan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko da za a fara da bulon tare zafi na murhun turara shinkafa kafin a yi mafarkin fistin.

Duk wanda zai yi gwajin, akwai abubuwa biyu na ƙasar nan da ɗakunan binciken Japan da Munich ba su sha fama da su ba. Na farko ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, gari ne mai laushi mai yawan silika. In matatar iska ta yage, ko an wanke ta da fetur an mayar, ƙurar tana shiga silinda ta riƙa cin duk abin da ta samu. Na biyu ingancin mai. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta kan dattin man da ake kawowa Afirka ta Yamma, dokar Nijeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan a dizal, alhali iyakar Turai 10 ce. An tsaurara ƙa'idar daga baya, matatar Dangote kuma ta fara fitar da dizal a 2024, amma man da ake saye a jarka a bakin hanya ba ya zuwa da takardar shaida. Gishirin farar wuta da na banadiyam suna cin itiriyar da ke riƙe zirkoniya, in ta tafi kuwa tsohon halinsa na tsagewa ya dawo, kuma ɓallin tangaran guda ɗaya da ya bi hayaƙi ya isa ya lalata farfelar turbo.

Mujallun injiniya cike suke da rahotannin gwajin fistin mai shafe, da yawa daga jami'o'in Indiya da Turkiyya, a kan ƙananan injinan dizal masu silinda ɗaya da ba su da nisa da na casar shinkafarmu. Sakamakonsu ya bambanta ƙwarai: wasu sun ce tsimin ya wuce kashi 10, wasu sun ga asara. Akasarinsu gwajin gajeren lokaci ne a ɗaki mai tsabta da mai mai tsabta. Gwajin da zai gamsar da mai injin casa a Argungu sai ya ɗauki injina biyu iri ɗaya, ɗaya da shafe ɗaya babu, a ba su mai daga tanki ɗaya, a auna abin da kowane ya sha da awon buhunan da ya casa, daga ƙurar Disamba har zafin Afrilu, sannan a kwance su duka a ƙarshen kaka a duba kan fistin da ringi.